Daga ɗan karɓi zuwa uban kiɗi: shekara nawa ake yi kafin murya ta nuna?



Makon jiya wani mai sauraronmu da ke aiki a Italiya ya turo mana ɗan bidiyo ta WhatsApp. Wani ƙaton Bature ne tsaye cikin baƙar riga, ya buɗe baki yana waƙa, makaɗa sun fi hamsin suna kiɗa a gabansa, amma muryarsa ta haye kansu duka, kuma babu mikoro a hannunsa. Ɗan uwan namu ya ce: "Don Allah ku bayyana mana, wanga baiwa ce ko koyo?" A makon kuma samari uku sunka zo nan gidan radiyo da waƙoƙinsu cikin salula, kowa na son a sa tasa. Na ce ma ɗaya daga cikinsu ya rera mani baiti guda da bakinsa, ba kiɗa. Ya fara, bai kai tsakiya ba numfashi ya ƙare masa.

To, tambayar ɗan Italiya da abin da ya samu yaron nan magana guda ce. Kafin mu je Turai, bari mu fara daga gida, don mu ma muna da namu da anka horar da muryarsu shekara da shekaru.

Yadda Ɗankwairo ya samu sunansa

Babu gidan da ba a san muryar Alhaji Musa Ɗankwairo ba a Adar, tun zamanin kaset. An haife shi a ƙasar Bakura, cikin Zamfara ta Najeriya, kafin 1910. Ubansa Usman Ɗankwanda makaɗi ne a Maradun. Musa ya tashi yana bin ubansa wurin kiɗi tun yana ƙaramin yaro. A cikin mutanen uban akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Kwairo. Da yaron ya fara karɓi, anka ji muryarsa siririya, mai kaifi, tana tashi sama kamar ta Kwairo, sai anka riƙa ce masa Ɗankwairo. Kun ji, murya ce ta raɗa masa suna.

Amma zaƙin murya bai sa an miƙa masa jagoranci ba. Ya yi shekaru yana karɓi a bayan ubansa. Da uban ya rasu, wansa Kurna ya gaje shi, Musa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki, mai jiran gado. Sai da ya manyanta sannan ya tsaya da ƙafarsa da ƴan karɓinsa da kotsonsa. Sunansa ya game ƙasar Hausa lokacin da ya shiga yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa, a lokacin ya haura shekara arba'in. Bayan kashe Sardauna a Janairun 1966 ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, har Allah ya karɓi abinsa a 1991.

Ku lissafa da kanku: daga yarinta zuwa shahara, shekara talatin da ɗori. Me yake koyo duk wannan lokaci?

Karatun da ɗan karɓi ke yi

Mai kallo daga nesa yana zaton ɗan karɓi maimaici kawai yake. Ku tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan makaɗi. Abu na farko, numfashi: ya san inda zai ja iska da inda zai sake ta, don in ya yanke a tsakiyar kalma ya ɓata waƙa. Na biyu, kunne: muryarsa ta zauna daidai da ta ƴan uwansa, kar ta yi sama kar ta yi ƙasa, kar ta riga kiɗi kar ta makara. Na uku, hadda. Makaɗin fada sai ya riƙe sunayen kakannin sarki, garuruwan da sunka ci, da kirarin kowa, ba takarda ba alƙalami. Na huɗu, sanin mutane: wa ake fara ambata, wa ake yi wa zambo, yaushe ake yin shiru. Wannan ba a faɗa maka shi, da ido kake ɗauka.

Haka abin yake ga makaɗan noma da ke bin gayya, da makaɗan dambe irin su Ɗan Anace, da na kokowa irin su Sagalo. Duk a fili suke waƙa, cikin iska da ƙura da hayaniyar jama'a, kuma kafin zuwan lasifika dole muryar ta kai ƙarshen fage da ƙarfin kanta. Wanda ya yi ta da ihu, kwana biyu ya shaƙe. Wanda ya koya, sai ya kwana bakwai yana yi.

To mene ne opera, wane ne tenor?

Yanzu mu koma ga bidiyon ɗan Italiya. Abin da ya turo mana ana ce masa opera. Wasan kwaikwayo ne wanda ba a magana a cikinsa, komai da waƙa ake faɗa: gaisuwa, faɗa, soyayya, har mutuwa. A Italiya anka fara shi wajen shekara ta 1600, ya bazu Faransa, Jamus, Rasha da sauran ƙasashe. Suna da manyan gidaje na musamman, kamar La Scala ta birnin Milan da anka buɗe a 1778, mai cin mutum kusan 2,000, da Metropolitan ta New York mai cin kusan 3,800. A al'adar wannan wasa mawaƙi ba ya riƙe mikoro.

Turawa sun kasa muryar maza kashi uku manya. Akwai mai kauri ta can ƙasa, suna ce mata bas. Akwai ta tsakiya, bariton. Sai mai tashi sama, ita ce tenor. Galibi mai tenor ake ba wa matsayin saurayi ko jarumi a wasan, shi ya sa sunka fi suna kuma sunka fi tsada. Mu ba mu raɗa wa muryoyi suna haka ba, amma kunnenmu ya san bambancin. In munka ce wane yana da zaƙin murya, ko muryarsa na da kaifi, kusan abin da suke nufi ke nan.

Abin da ke faruwa cikin maƙogwaro

A bayan zakaran wuya akwai ƴan tsoka biyu siraru, tsawonsu ga namiji bai wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi ba. Su ne igiyoyin murya. Iska ta taso daga huhu ta bi tsakaninsu, sai su riƙa buɗewa da rufewa da sauri, wannan kaɗawar ita ce sauti. In namiji na magana suna kaɗawa sau ɗari da ƴan kai a daƙiƙa guda. In tenor ya kai sautin nan na can sama da ake yi masa tafi, suna kaɗawa sau 523 a daƙiƙa.

Ku ɗauki misalin maƙera. Zugazugi ne ke ba wuta ƙarfi, ba bakin murhu ba. Huhu da tsokar da ta raba ƙirji da ciki su ne zugazugin mawaƙi. Wanda ya koya yana tura iska daga ciki, a hankali, daidai gwargwado, wuyansa a sake. Wanda bai koya ba yana matse wuya, jijiyoyi su tashi, ido ya yi ja. Sannan mai horo yana koyon gyara buɗin maƙoshinsa da bakinsa yadda muryar za ta samu wani ƙara mai kaifi wanda kayan kiɗa ba su da yawansa. Wannan ƙaran ne ke ratsa makaɗa hamsin ya kai kujerar ƙarshe. Shi ne amsar ɗan uwanmu na Italiya: dabara ce ta fi yawa, ba girman ƙirji ba.

In anka wahalar da igiyoyin nan, suna yin kanta, irin wadda hauya ke yi wa tafin hannu. Murya ta dushe, sautin sama ya ɓace. Ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara bayan girbi na yi kwana uku ina ba da labarin kokowa cikin hunturu, ina ihu, ina kurɓar shayi mai zafi maimakon ruwa. Rana ta huɗu na buɗe baki, ko sallama ba ta fita. Sai da na yi sati ban shiga shiri ba.

Ɗan mai burodi na Modena

Tenor da duniya ta fi sani shi ne Luciano Pavarotti. An haife shi a garin Modena na Italiya a 1935. Ubansa mai gasa burodi ne, yana da murya amma bai maida waƙa sana'a ba, uwarsa kuma tana aiki a masana'antar taba. Yaron ya fara ne cikin ƙungiyar mawaƙan garinsu tare da ubansa, wato shi ma ɗan karɓi ne a bayan tsohonsa. A 1955 ƙungiyar ta je gasa a yankin Wales na Birtaniya ta zo ta ɗaya.

Ya yi karatun malanta, ya koyar a lakwal na firamare kamar shekara biyu. A 1954, yana ɗan shekara 19, ya fara ɗaukar darasi wurin wani mawaƙi mai suna Arrigo Pola, wanda ya koya masa kyauta don ya ga gidansu ba hali. Daga baya ya koma hannun wani malami, Ettore Campogalliani. Yana koyo yana sayar da inshora don ya ci abinci. Ana cikin haka kantar nan da munka faɗa ta fito masa, ya yi wani wasa da ya lalace a garin Ferrara, har ya yanke shawarar barin waƙa. Da ya huta, muryar ta dawo. Sai a watan Afrilun 1961 ya samu babban matsayi na farko, a garin Reggio Emilia. Shekara bakwai ke nan yana koyo.

Daga nan ma sai da ya ƙara shekara goma sha ɗaya kafin abin ya zama gagarumi. A 1972, a New York, ya buga sautin nan na sama sau tara cikin waƙa guda, jama'a sunka yi ta tafi suna kiransa ya sake fitowa har sau 17. Masu shekaru cikinmu sun tuna kofin duniya na 1990, wanda Kamaru da Roger Milla sunka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. To a jajibirin wasan ƙarshe, ran 7 ga Yuli, a birnin Roma, Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras sunka yi waƙa tare, duniya na kallo a talabijin. Ya rasu a 2007 yana da shekara 71.

Yau mai son wannan sana'a yakan shiga makarantar kiɗa ya yi shekara biyar ko shida. Yana koyon numfashi, karatun rubutun kiɗa, kwaikwayo, da harsuna, don dole ya yi waƙa da Italiyanci, Faransanci da Jamusanci. Ba a fara horo mai tsanani sai bayan yaro ya balaga muryarsa ta zauna, kuma wasu manyan matsayi masu nauyi ba a ba mutum su sai ya haura talatin, don kar a ƙona muryar tun tana ɗanya. In ya gama makaranta yakan fara cikin taron masu amshi ko ƙananan matsayi, yana shiga gasa, yana zuwa gwaji gida-gida.

Ina abincin yake?

Makaɗin fada na da ubangida. Sarki ya ba shi riga, doki, hatsi, wani lokaci gona ko kujerar Makka, shi kuma ya raba wa yaransa gwargwadon matsayin kowa. In ubangida ya faɗi, sai makaɗi ya nemi wata inuwa. Tenor kuma yawanci da yarjejeniya yake aiki: a biya shi kan kowane wasa da ya yi. In mura ta kama shi ran wasa, wani ya maye gurbinsa, kuɗin ranar ya wuce shi. Rabin shekara yana bisa hanya, otel zuwa otel, iyali na gida. Ku da ke ci-rani kun san zafin wannan. Kuma cikin masu gama makarantar, kaɗan ne ke rayuwa da waƙa kaɗai, da yawa koyarwa suke komawa.

Kar wani ya ce abin na Turawa ne kawai. Levy Sekgapane, baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu, ya yi karatun waƙa a jami'ar Cape Town, ya ci babbar gasar duniya ta Operalia a 2017, yanzu yana waƙa a manyan gidajen Turai. Mu ma nan Sahel an taɓa yin tamu. A Fabrairun 2007 anka nuna wata opera mai suna Bintou Wéré a Bamako, daga baya anka kai ta Amsterdam da Paris. Zé Manel Fortes na Gine Bisau ya tsara kiɗan, Koulsy Lamko na Cadi da Wasis Diop na Senegal sunka yi aikin labarin. Da harsunan Afirka da kayan kiɗan gargajiya anka yi ta. Labarin kuwa namu ne: wata yarinya mai ciki da matasa ƴan uwanta sun kama hanyar hamada za su Turai.

Mu nan Nijar fa?

Muna da abin tinƙaho. Babbar gasar waƙa ta ƙasa, wadda anka kafa cikin shekarun 1980, sunan mutumin Adar take ɗauke da shi, marigayi Ɗan Gurmu. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM mai sunan Elhaji Taya. Akwai kuma ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, inda mawaƙi ke rajistar waƙarsa don kar wani ya ci guminsa.

Ga kuma darasin marigayi Malam Mamman Barka, mutumin Tesker. Malamin lakwal ne, ya riga ya yi suna da gurminsa, ko'ina an san shi. Amma a 2002, da tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage mai kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ya zauna gabansa kamar yaro ya koya. Da bai je ba, da biram ya bi tsohon kabari. Mamman Barka ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Babba da sunansa bai ji kunyar komawa almajiri ba.

Na san akwai iyayen da ba su son jin ɗansu ya zama mawaƙi, musamman in ba gadon gidan ba ne. Ba yau anka fara ba. Mamman Shata na Musawa bai gaji kiɗa ba, ubansa ma bai so ba, amma a 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Wannan magana ce tsakanin uba da ɗansa, ba za mu yanke ma kowa hukunci ba. Abin da za mu ce shi ne, in har an yarda yaro ya yi, to a bari ya yi ta da tushe.

Inda gizo ke saƙa yau

Yau yaro na iya shiga sitidiyo a Tawa, Ƙonni ko Maraɗi da safe, la'asar ya fito da waƙa. Kwamfuta ta yi kiɗan, ta gyara masa muryar in ta karkace, ta yi masa amshi da muryarsa. Ba laifi ba ne, zamani ne, mu ma da kwamfuta muke aiki. Matsalar ita ce matakin nan na tsayawa bayan babba ya faɗi. Yaro ya zama uban kiɗi bai taɓa zama ɗan karɓi ba. Ran da anka gayyace shi biki wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ran nan ake gane shi. Su kuma tsofaffin makaɗan ƙauyukanmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba mai bin su.

Don haka ga ƴan shawarwari ga samari. Ka nemi babba ka bi shi, ko makaɗin noma ne, ko na kokowa, ko na biki, ka yi masa karɓi aƙalla damina biyu ko uku. Kullum ka rera ba kiɗa, ka ɗauka a salula, ka saurari kanka. Kar ka fara da sautin sama da sassafe, ka ɗumama muryar a hankali kamar yadda ɗan kokowa ke motsa jiki kafin ya shiga fage. Ka sha ruwa da yawa. Lokacin hunturu ka rufe hanci da baki da rawani. Taba da hayaƙi maƙiyan murya ne, ƙwaya kuma tana ɓoye maka zafi har ka yi wa maƙogwaronka rauni ba ka sani ba. In murya ta dushe, maganinta na farko shiru. In ta wuce sati uku ba ta dawo ba, ka je likita. Wannan ya shafi ladan, malamin lakwal, mai shela, da mu ƴan radiyo.

Ku kuma yayye da ke waje, mun san da yawanku ku ke turo kuɗin sitidiyo. Allah ya saka. Amma kafin ku tura, ku ce ma ƙanen naku ya rera maku baiti biyu ta waya, da bakinsa kawai. Ku tambaye shi wa ke koya masa. In babu, ku raba kuɗin biyu, rabi ya zama goron malami. Ɗankwairo ya yi shekara talatin da wani abu, Pavarotti ya yi bakwai kafin matsayin farko, ba ɗayansu da ya yi asara.

Daga ƙarshe muna da roƙo. Duk wanda ya san wani tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya a ƙauyukan Allakaye, Buza, Keita ko Madawa, ya sanar da mu. Za mu ɗauki na'ura mu je har gida, mu ɗauki muryarsu, mu tambaye su wa ya koya masu da shekara nawa sunka yi suna karɓi. Yaron nan da numfashi ya ƙare masa ya ce zai raka mu.  Sai mun ji daga gare ku.